Dusar da Matsue Ta Ci

Genzo Kuriyama ya yi shekara arba'in da ɗaya yana aski a garin Kamisawa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ya yanke shi ba. Ƙorafin mutane ɗaya ne. In ka zauna a kujerarsa, kafin almakashi ya taɓa gashinka sai ya sa ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ƙwanƙwasa maka ƙasan gwiwa da ƙotar burushi. In ƙafar ta harba, sai ya gyaɗa kai da alfahari kamar shi ya ɗaura maka ita.

"Jijiyarka ƙalau," in ji shi. "Ka ga saƙo ya je laka ya dawo kafin ka ƙifta ido. Ranar da wayar nan ta lalace, sai ka yi ta kiran ƙafarka ba ta amsawa. Daga ƙafa ta hau, ta hau, har ta kai zuciya."

"Gen, kaina na kawo maka," mai shagon awara yakan ce, "ƙafar rakiya ta yi."

Tsofaffin garin sun san inda ya samo wannan ɗabi'a. Haka likitoci ke gwada su suna yara, lokacin da ake tsoron kakke, ciwon da ke kashe jijiyar ƙafa ya kumbura jiki. Ciwon ya daɗe da tafiya, Genzo ne kawai bai sallame shi ba. Shekara goma sha tara ke nan yana rubuta littafin labari a kansa, duk ranar Litinin da shago ke rufe, yana tara takardun a kwalin lemo. Matarsa Fusa ta haddace babi na farko tsaf. Ta ce duk cikin magungunan da aka taɓa ba ta, babu mai sa ta barcin rana kamarsa.

"Maigida, dagacin nan ba a babi na huɗu ka kashe shi ba? Ga shi yana jawabi a na tara."

"Wani dagacin ne."

"To shi ma gurgu ne, kuma sunansu ɗaya."

Labarin kuwa na gidansu ne. A shekarar 1923, shekara ɗaya kafin a haifi Genzo, samari huɗu daga ƙauyensu suka tafi Tokyo aikin shago, cikinsu har da yayansa Seita. A can suka ga abin da ba su taɓa gani ba, farar shinkafa sau uku a rana. Kafin kaka aka dawo da su huɗun a goye, ƙafafu sun kumbura. Shekarar ciwon ya kwashe dubban mutane, aka ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, har maƙwabta suka daina aron wuta a gidajensu. Uku suka koma cin sha'ir irin na kullum, don iyayensu ba su da wani abin, suka miƙe. Baban Seita kuwa ya rantse ɗansa ba zai ci abincin talauci yana kwance ba. Ya buɗe buhun shinkafar da aka ajiye wa sabuwar shekara, ya ce a surfe ta sai ta yi fari tas. Kwana arba'in Seita ya yi, ya rasu.

Yau ko yaron firamare ya san maganin ciwon yana cikin dusar da ake surfewa a zubar. Genzo ya rubuta wannan ba tare da ya zargi babansu ba, don rashin sani ne. Babi na ƙarshe ne ya gagare shi, babin kwana arba'in ɗin, domin mutum ɗaya ta rage a duniya da ta gan su da idonta, yayarsa Matsue. Duk lokacin da ya tambaye ta sai ta tura masa kofi ta ce, "Sha shayinka zai huce." Yanzu ta kai saba'in da shida, zuciyarta ta fara gajiya, kuma Genzo yana tsoro ƙwarai kada ta tafi da babin.

Wata Litinin da safe 'yar Matsue ta bugo waya, ta ce tsohuwa ta ce a turo mata mai aski, wai ba za ta je gaban kakanni da kai kamar sheƙar hankaka ba. Genzo ya ɗauki jakar aikinsa, ya cusa littafin rubutu a ƙasan tawul, ya hau bas.

Ya same ta zaune a kujera bakin baranda, ta rame, amma bakin yana nan.

"Ka fito da littafin daga ƙasan tawul, Gen. Tun kana ƙarami ba ka iya ɓoyo ba."

Ya yafa mata mayafi ya ɗauki mataji.

"Ni ba za a buga mini gwiwar ba? Ko sai masu biya?"

Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa. Ƙafar ta harba ta same shi a ƙwauri, ta yi dariya har da tari.

"Ka ga jijiya," in ji ta. "Duk gidanmu babu mai irin tawa. Ka san abin da ya ciyar da ita?"

Ya ce bai sani ba. Ta ce to ya kama aski, kada ya tsaya, kuma kada ya kalli fuskarta.

"Ni nake surfen. Inna tana gona, ni ce a gida. In na surfa na bakace sai Baba ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu ya kai bakin ƙofa ya duba. In ya ga ja-ja ko kaɗan sai ya ce in ƙara. Dusar ta kaji ce. Ni kuwa yunwa nake ji, sai in soya ta a murfin tukunya in lashe. Tana da gardi, Gen, ba ka san gardinta ba."

Almakashi yana ta aiki a hankali.

"Wata rana ƙamshin ya kai wa Yaya Seita a shimfiɗarsa. Ya ce, Matsu, me kike soyawa, ɗan san mini. Na ce ba komai. Washegari ya sake roƙo. Bayan kwana biyu ya sake. Sau uku. Na ce wa kaina Baba zai dake ni in na ba marar lafiya abincin kaji. Haka ne, zai dake ni. Amma kuma ba ta da yawa, kuma ina so."

Ta ce ba ta san me ta yi ba sai da ta yi cikin fari. Ungozomar asibiti ta ce mata ta riƙa haɗawa da dusar shinkafa don kada kakke ya kama ta, ita ce maganinsa. Ta fito ta zauna a bakin hanya har rana ta karkata. Ko mijinta bai taɓa ji ba.

Genzo ya ajiye almakashi. Tausayinta ya cika shi, da kunyar shekarun da ya yi yana bin ta da alƙalami.

"Yaya, cokali ɗaya na dusa ba lallai ya tashe shi ba."

"Kai likita ne? Mai aski ne kai."

"Ba zan rubuta ba."

"Shekara goma sha tara kana shanye mini shayi, yau na ba ka kaya ka ce sun yi nauyi? Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa. Rubuta. Kuma ka daidaita mini gefen hagu, ka bar shi kamar ɓera ya ci."

Kwana shida ya yi a kan babin, shago a rufe, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifi ɗansa. Fusa ta karanta a tsaye a kicin. Da ta gama sai ta ninke takardun da kyau ta sa masa a jaka.

Litinin ta zagayo ya koma. Matsue tana kwance yanzu, an tokare ta da matasai. Ya zauna a gefenta ya fara karantawa. Jimlar farko ita ce, "Shekararta tara."

"Cire wannan," in ji ta. "Neman sassauci ne."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba. Ta saurara ido a rufe, ta gyara masa launin tukunya, ta ce kajin biyar ne ba bakwai ba. Da ya zo inda Seita ya roƙi dusa, ya karanta cewa sau ɗaya ya roƙa, yarinyar kuma ba ta ji sosai ba saboda ƙarar turmi.

Ta buɗe ido.

"Uku ne. Kuma na ji."

"Yaya..."

"Gen, kada ka yi mini aski a littafi. Uku."

Ya ciro fensir daga bayan kunne ya soke, ya rubuta uku, ya nuna mata ta gani da idonta.

"Saura na farkon," in ji ta.

"Wannan kuma ba zan taɓa shi ba. Littafina ne. Ke kika ce uku don haka aka yi, to shekarun ma haka suke."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta kai ta kusa da fuskarta, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko tana bi a hankali.

"Tara," in ji ta. "Ashe ƙarama ce."