Mutumin da Ya Daina Cin Abincina

Da sunan Allah zan buɗe baki, Shi ne shaida a kan abin da zan faɗa. Ke kuma rubuta yadda ya fito, kar ki gyara mini magana.

Masu mujallar nan ne suka aiko ki. Wai ɗan hayar gidana zai ajiye aiki saboda kunnensa ya yi nauyi, suna so waɗanda suka zauna da shi su ce wani abu. To ni ban iya yabon abin da ban gani ba.

Ranar da ya zo neman ɗaki ko katifar kirki ba shi da ita, amma kwalayen takardu da na kaset sai da mai baro ya yi ta sawu. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce sharhi. Na ce na karatun addini? Ya ce a'a.

"Inna, in mutum ya fitar da faifan waƙa, ko ya rubuta maƙala a mujalla, sai in saurara ko in karanta. In rubuta inda ya yi kyau da inda ya gaza, a buga."

Na ce, "Shi mai abin yana wurin?"

Ya ce ba ya nan.

Na ce, "To Malam, ai mu gulma muke ce wa wannan."

Ya yi ta dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na dai ba shi ɗakin bakin ƙofa, inda idona zai riƙa kai wa.

Abin da na tsinta na rayuwarsa kaɗan ne, don ba mai sakin baki ba ne. Da can gyaran rediyo yake yi. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure nesa. Sallah ba ta wuce shi, wannan kam ba zan zalunce shi ba. Amma mutum ya wuni da wasu abubuwa kamar marufan kwano a kunne, yana gyaɗa kai shi kaɗai? Yaran layi Kunnuwa suke kiransa, har sunan ya bi shi. Mawaƙa kan zo masa da yadi da turare, ya raka su bakin titi da kayansu a hannu. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Wanda ba ya karɓar kyauta, akwai abin da yake nema da ya fi kyautar.

Abincina ne kaɗai yake karɓa. Kullum na sauke tukunya sai na zuba masa, don ba a bar maƙwabci da yunwa ko da ba ka yarda da shi ba. Kwano kan dawo a wanke.

Sai wata rana kwano ya dawo a rufe, ko cokali bai shiga ba. Na ce ko ciki ne ya ɓaci. Washegari haka. Na canza miya, haka. Zuciyata ta fara kawo mini abubuwa. Wato zargina yake na sa masa wani abu? Ni da nake tsoron haɗuwata da Allah? Ko wani ne ya kai masa maganata? Na yafa mayafi na buga masa ƙofa.

"Malam Kunnuwa, me aka ce maka na zuba a ciki?"

"Subhanallahi, Inna! Ba komai. Ƙa'idata ce. Ba na cin abincin gidan da nake sauraron aikinsu sai na gama. Bakin da ya ci ba ya iya faɗin gaskiya."

"Aikin wa kake saurare a gidan nan?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Nan na gane. Auta ne.

Autana tela ne, a kan keken ɗinkin da ubansa ya bari yake aiki, a shagon da ke jikin gida. Da keken nan aka ciyar da 'ya'yana duka, da shi aka aurar da yayyensa. Na san yana 'yan waƙe-waƙensa in yana ɗinki, ban ɗauke shi komai ba. Ashe ya je ya naɗi faifai guda ban sani ba. Da na tsare shi ya ce, "Inna, in Malam ya ce abin ya yi, keken zan sayar in shiga waƙa sosai. Har na samu mai saye."

Keken ubansa! 

Na koma wurin Kunnuwa, na sassauta murya. Na ce, "Kai ma uba ne. Ka ce masa bai yi ba, kowa ya huta."

Ya ce, "Inna, ba ke kika ce sana'ata gulma ce ba? Yanzu kuma ƙarya zan ɗora a kai?"

Ni fa ban ce ya yi ƙarya ba. Cewa na yi ya taimaka wa gaskiya ta fito ta inda ya dace.

Na ce to yaushe zai gama. Ya ce shi ba ya yanke wa faifai hukunci a zaune. In ya saurara ya ƙoshi sai ya ajiye, ya kwashi wankinsa ya tafi bakin famfo. Waƙar da bakinsa ya ɗauko da kansa yana cuɗa, ita ce mai rai. In bakin ya yi shiru har ya shanya, faifan gawa ne.

Ranar da na ga ya fito da bokiti, sai na ɗauko tsintar shinkafata na zauna kusa da famfo. Ina tsinta ina addu'a Allah ya ɗaure bakin nan. Ya wanke riga shiru. Ya wanke wando shiru. Har na fara hamdala. Yana kama zanin gado sai na ji yana gunguni ta hanci, ƙafarsa tana taka ƙasa, tana ɗagawa, tana takawa. Na san wannan karin. Shi Auta yake yi in ɗinki ya yi masa daɗi. Shinkafar ma ban san sanda ta zube ba.

Bayan la'asar ya kira Auta tsakar gida, ya ce in zauna ni ma.

"Ɗana, muryarka ba laifi. Amma waƙoƙin nan kayan aro ne. Wannan rigar wane ce, waccan hular wane ce, duk na san masu su. Guda ɗaya ce taka, ta ƙarshe, wadda ka sa don cike gurbi."

Auta ya ce, "Haba Baba, wannan ai a shago na yi ta, wasa ne."

"Na sani. Ka saurari kiɗanta, tafiyar ƙafarka ce a kan keke. Sauran ka yi su da kunnen mutane, wannan ka yi ta da jikinka. Ka sayar da keken, ka sayar da makaɗinka. Haka zan rubuta, in ka ga dama ka daina gaishe ni."

Ya kuwa daina, har aka kwana biyu. Yaron da ya zaci za a ɗaga shi sama aka ce masa mai aro, a cikin mujalla, abokansa suna karantawa suna tsokanarsa. Amma mai sayen keke ya zo ya koma hannu wofi. Keken yana nan, kina jin ƙararsa yanzu haka.

A ranar da ya yanke hukuncin nan na zuba wa Kunnuwa abinci, ya cinye ya aiko a ƙara.

Kar ki rubuta cewa na gode masa, ban gama tunani ba. Keke dai ya tsira, amma waƙa ba ta fita gidan nan ba, ƙaruwa ma ta yi, yanzu da ƙarfi ake yin ta. Wani lokaci nakan ce anya ba shirya abinsa ya yi ba, ya ba ni rabi ya ba yaro rabi, ɗakinsa da kwanonsa su zauna lafiya? Allah kaɗai ya san cikin mutum.

Kuma ga abin da nake so masu mujalla su ji. Sun ce kunnensa ya yi nauyi, zai ajiye aiki. To ni jiya kwanona ya dawo a rufe, yau da safe kuma na gan shi yana haɗa wanki. Su je su tambaye shi, ni yake ɓoye wa ko su?