Shafar Kai

Makon jiya ina tsaye a Iyana Ipaja ina jiran danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ruwa bai jima da ɗaukewa ba, sai warin tsohuwar takarda mai danshi ya bugi hancina. Wani mai sayar da littattafan gwanjo ne ya yaye ledar da ya rufe kayansa da ita. Na leƙa don in rage lokaci, sai ga littafin can ƙasa, bangonsa ya nannaɗe, da hoton yaran nan biyu cikin baƙaƙen kaya suna tsaye a bakin teku. Danfo biyu suka cika suka tafi ban sani ba.

Mai karatu, bari in fara gaya maka irin yarinyar da nake a wancan lokaci. Shekarata goma sha uku, haifaffiyar Agege, a gida irin mai dogon lungu da ɗakuna suna kallon juna. Idan jirgin ƙasa ya wuce, kwanukan Ummana sai sun yi rawa a kan kanta. Yayata tana samun littattafan soyayya daga hannun fataken goro masu zuwa daga Kano, ni kuma in sace su in laɓe bayan tankin ruwa in cinye. A cikinsu na koyi duniya. Na yarda cewa duk wanda ya ɓace zai dawo da mota mai sheƙi, duk wanda aka ce ya mutu za a tsince shi a wani asibiti ya manta sunansa, kuma duk kuka yana ƙarewa ne da ƙamshin turaren amarya.

A daminar wannan shekarar ne Baffana, ƙanen Babana, ya kawo mana 'yarsa ta yi hutu. Direban babbar mota ne, yana kawo tumatir da albasa kasuwar Mile 12. Matarsa ta rasu tun yarinyar tana goye, shi ya rene ta. Shekararta tara, siririya, mai manyan idanu da ba sa saurin ƙiftawa. Ya ce zai dawo ya ɗauke ta kafin a koma makaranta. Kwana shida da tafiyarsa aka aiko cewa motarsa ta faɗi a hanyar arewa, kuma bai tashi ba.

Kakarmu, wadda ta haifi Babana da Baffa, tana zaune tare da mu. Da labarin ya iske ta ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, sannan ta ce kada wanda ya gaya wa yarinyar. Ta rasa uwa, ba za a ɗora mata wannan yanzu ba, a ce ya wuce Nijar da kaya. A gidanmu ba a musu da Kaka. Ta kira ni gefe ta kama kunnena.

“Ke mai bakin rediyo, in na ji maganar nan ta fita, na san ta inda ta bi.”

Saboda masu zuwa gaisuwa, aka tura ni da ƙanwar tawa gidan wata ƙawar Umma, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, layi biyu da namu. Kwana uku muka yi a can. Ɗakinta yana warin kafur da takarda, kuma a ƙarƙashin tebur akwai kwali cike da littattafan Turanci na yara. Ƙanwata ta zaro wanda ke da hoton yara biyu a bakin teku. Malama ta dube ni, na dube ta.

“'Yata, ga wani mai zomo nan, ya fi daɗi.”

“Wannan nake so, Anti.”

Malama ba ta hana ta ba. Ta ma haɗa mana da sauran 'yan'uwansa, don jeri ne mai tsawo, kowane littafi yana ɗorawa daga inda na baya ya tsaya.

Labarin wata yarinya ce da ƙanenta waɗanda jirgin ruwa ya nutse da iyayensu. Tun daga nan ake miƙa su hannu zuwa hannu, kuma kowane mai riƙo da irin tasa wautar. Akwai wanda ya tara agogo cike da gida amma ba ya yarda a duba lokaci. Akwai wadda take auna musu miya da ma'aunin magani. Yaran suna ganin alamun cewa ba haka kawai jirgin ya nutse ba, suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya, amma duk babban da suka gaya wa sai ya yi murmushi ya ce su je su yi wasa. Abin ban mamaki, kana cikin jin tausayi sai ka tsinci kanka kana dariya, ka kuma ji kunyar dariyar.

Turancin ƙanwata bai yi ƙarfi ba, don haka ni ce mai karantawa in juya mata da Hausa. A shafi na biyu na ci karo da mutuwar iyayen. Na tuna kunnena a hannun Kaka. Sai na ce, ba tare da na ɗaga kai ba, iyayen yaran sun yi tafiya mai nisa, kuma sun yi alkawarin dawowa. Ban ji na yi laifi ba. A ganina gyara na yi wa marubucin, wanda da alama bai taɓa karanta littafi mai kyakkyawan ƙarshe ba.

Da muka koma gida, karatun ya bi mu. Kullum bayan la'asar, ruwa yana dukan kwano, mukan zauna a lungu kusa da ƙofar Kaka. Da farko mu biyu ne. Kafin mako ya zagayo, 'ya'yan mai gidan hayarmu, Yarbawa, sun shigo, sai na riƙa juyawa sau biyu, Hausa da Yarbanci, har maƙogwarona ya bushe. Yayata da ke cewa littafin yara ne ta riƙa kawo tsintar wakenta kusa da mu. Mai shayin bakin layi, da ƙanwata ke kai wa rahoto kowace safiya in an aike ta sayen burodi, ya ƙi jinin matar nan mai auna miya har ya ce da a Agege take da ya nuna mata. Kaka kuwa takan juya mana baya tana jan carbi, ta ce shirmen Nasara ne. Amma ranar da na tsaya a tsakiyar babi don in sha ruwa, sai muka ji muryarta: “To, sai aka yi yaya da yaron?”

Ni kuma na ci gaba da gyare-gyarena. Duk inda yaran suka tuna iyayensu, sai in ƙirƙiro wasiƙa ta iso. Na sa uban ya aiko da saƙo ta bakin wani matuƙin kwalekwale. Na fara shirya wa yarinyar wani kyakkyawan saurayi mai hankali da zai bayyana idan ta girma. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ban lura ba cewa duk lokacin da na saka irin wannan, ƙanwata ba ni take kallo ba, hotunan take kallo.

Akwai wani abu da ke faruwa a gidan wanda ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Ka san an koya mana cewa shafa kan maraya akwai lada. To, duk matar da ta shigo gidanmu, ko gishiri ta zo ara, sai ta nemi ƙanwata ta ɗora mata hannu a ka. Mai kitso ta shafa. Mai kawo mana fura ta shafa. Wata tsohuwa ta taso tun daga Alaba Rago, ta gaisa da Kaka a gurguje, ta zauna ta yi ta shafar kan yarinyar har ɗankwalinta ya zame. Kowa ya rufe bakinsa kamar yadda Kaka ta ce, amma ba wanda ya yarda ladan ya wuce shi.

Wata ranar Alhamis, muna littafi na huɗu, ruwa ya hana sauran yara fitowa. Mu biyu ne a lungu, sai Kaka a bakin ƙofarta tana jera goro cikin ganye. Na kai inda yaran suka tsaya a gaban wasu duwatsu biyu masu rubutu, na ce ai alamar hanya ce suke dubawa. Ƙanwata ta ɗora yatsa a kan hoton.

“Yaya, ki karanta yadda aka rubuta.”

“Ai haka aka rubuta.”

“Ba haka ba ne. Wannan kabari ne irin nasu. Tun littafi na ɗaya suke sa baƙin kaya. Kuma in kina faɗin na gaskiya kina yin a hankali, kina tsayawa ki nemi kalma. In naki ne sai ki yi ta gudu.”

Ta karɓi littafin daga hannuna ta rufe, ta tashi ta je gaban Kaka ta durƙusa. Muryarta ba ta rawa. Ta yi magana kamar yadda yarinyar littafin ke yi in ta gama haɗa alamunta.

“Kaka, in Babana ya yi tafiya, yana kira ta wayar kuɗi ta mai lema a bakin titi, ko sau ɗaya. Yau kwana talatin da ɗaya. Rediyonsa tana cikin akwatinki, kuma ba ya tuƙi babu ita. Malamin Islamiyya yana bulalar kowa in an makara, ni sai ya ce in wuce. Kuma kowa sai shafa mini kai yake yi. Amma ba a shafa wa Yaya.”

Kaka ta juyo ta harare ni. Na girgiza kai da ƙarfi.

“Wa ya gaya miki wani abu, 'yar nan?”

“Ba wanda ya gaya mini. Shi ya sa nake tambayarki. Yaran littafin in sun tambaya, cewa ake su je su yi wasa. Kada ki ce in je in yi wasa.”

Na sha karanta wurin da ake bayyana gaskiya a littattafan Yayata. A can ana suma, ana yayyafa ruwa, wani ya shigo da gudu ya ce kuskure aka yi. Har na kalli ƙofar gida, wallahi, ina jiran wanda zai shigo. Ba kowa sai ruwa da ke cika kwata.

Kaka ta ajiye goron da ke hannunta. Ta goge tafinta a zani, sau biyu, kamar mai shirin ɗaukar abu mai zafi.

“Babanki ya rasu. Motarsa ta faɗi. An yi masa sutura, Baffanki, uban Yayarki, ya je ya sallace shi. Ni na ce a ɓoye miki.”

“Ya sha wuya?”

“An ce bai jima ba.”

Ƙanwata ta gyaɗa kai. Sai ga Kaka, wadda wata guda ta haɗiye kukan ɗanta saboda kada yarinya ta ji, ta buɗe baki ta yi wani irin sauti da ban taɓa ji daga babban mutum ba. Umma ta fito da ludayi a hannu ta tsaya cak. A ranar na gane cewa ba yarinyar kaɗai Kaka ke karewa ba. Muddin ba a faɗa wa 'yarsa ba, akwai ɗaki ɗaya a duniya da Baffa yake hanyar Nijar da rai. Suka rungume juna a kan tabarmar goro, tsohuwa da jikarta, suka yi gaisuwar da aka hana su.

Kwana huɗu ba a taɓa littafin ba. A na biyar ƙanwata ta kawo mini littafi na ɗaya, ta ce a sake daga farko, kuma ban da ƙari. Na karanta mutuwar iyayen kamar yadda take. 'Ya'yan mai gida suka ce na cuce su, Yayata ta ce dama ta yi zargin wasiƙun nan, don salonsu ya yi kama da na wani littafinta da ya ɓace. Kaka ta daina juya baya. Duk sanda wani mai riƙo ya kori yaran da murmushi, sai ta ja tsaki ta ce, “Ji wawa. Ka saurare su mana.” Ƙanwata ita ta fi kowa dariya a wuraren dariya. A wuraren da ba na dariya ba, takan ce in maimaita.

Ba mu taɓa samun na ƙarshe ba, Malama ma ba ta da shi. Ni na so in ƙirƙiro, da biki da komai. Ƙanwata ta ce in bari, gara ta zauna ba ta sani ba.

Yanzu an rushe gidan nan mai dogon lungu, an yi bene mai shaguna a ƙasa. Ba a kuma iya ɓoye wa yaro mutuwa wata guda. Kafin manya su gama shawarar wanda zai faɗa, hoton mamacin ya riga ya shiga wayar kowa, yaro ya gani shi kaɗai, ba wanda ya goge hannu ya zaunar da shi. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Ni dai har yau in na sayi littafi sai na leƙa shafin ƙarshe in tabbatar an yi aure, wannan halin bai bar ni ba.

Shekara uku da suka wuce Kaka ta rasu, da tsufanta, da rana tsaka. 'Ya'yana suna makaranta. Na tsaya a tsakar gida ina shirya abin da zan ce musu, har na fara jin kalmar tafiya tana haɗuwa a bakina. Ƙanwata, wadda yanzu take da nata yaran, ta dube ni ta gane. Ta ɗauki mayafinta ta ce in zauna in karɓi gaisuwa, ita za ta je ta ɗauko su, kuma za ta gaya musu a hanya.