Kwalaben Hamma

Hamma bai taɓa shiga aji ba, amma shekara goma sha tara ya yi yana gadin ƙaramin dam ɗin da ke saman unguwarmu, a hanyar Gubi. Ba babban dam na gwamnati nake nufi ba. Wannan wani attajiri ne ya tare rafi da tudun ƙasa, ya zuba kwalekwale huɗu masu fenti, da rumfuna, da lilo, don mutanen gari su zo shan iska.

Da shanu Hamma ya fara sanin kwarin, tun babu gida ko ɗaya. Da shanun suka ƙare, ya karɓi gadi. Dogo ne, ba ya son magana. Kullum da safe yakan tuɓe takalmi ya bi bayan tudun, gefen da baƙi ba sa gani, yana takawa a hankali. Ya ce ƙafa ta fi ido sanin inda ƙasa ta yi laushi. Akwai wani wuri gindin dalbejiya da ruwa ke tsattsafowa. Sai ya tara a kwalba, ya ajiye a inuwa har ruwan ya kwanta.

"In ya fito garau, ruwa ne kawai ke wucewa," ya taɓa ce mini. "In ya fito da laka, dam ɗin ne da kansa yake fita kaɗan-kaɗan."

Wata damina laka ta fara kwantawa a gindin kwalaben. Ya kai wa Mansir, manajan wurin. Mansir ya yi dariya.

"Baffa, yanzu kuma likitan ruwa ka koma? Je ka share rumfa."

Masu duba dam suka zo, amma a watan Maris, ruwa ya ja baya, gindin dalbejiyar ya bushe ƙayau. Wata injiniya ce, Liatu, da takardunta. Ina wurin, don gidana na uku ne daga tudun. Hamma ya jera kwalabensa na damina cikin kwando, ya tsaya kusa da su. Ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, kai ke kwana da dam ɗin nan. Akwai abin da ke damunka?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe," in ji Mansir, tun kafin Hamma ya buɗe baki.

Hamma ya sunkuyar da kai. A tarbiyyar da ya tashi da ita, ba a ƙaryata wanda kake ci a ƙarƙashinsa a gaban baƙo. Kwandon na nan kusa da ƙafarta, har ta tafi ba ta san na mene ne ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da shi da ni duka, don ni ma shiru na yi.

Sai a bakin mota na tare ta, na ce, "'Yata, me kuka rubuta?"

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce abu biyu ake dubawa. Na ɗaya lafiyar dam, ta rubuta ba laifi, sai dai a sare bishiyar. Na biyu kuwa ba ƙarfinsa ake aunawa ba, ɓarnar da zai yi in ya fashe. In gonaki ne kawai a ƙasa, ƙaramin haɗari. In akwai rayuka, babban haɗari, kuma irin wannan a kai a kai ake duba shi.

"Namu fa?"

"Ƙaramin haɗari. Taswirar da ke fayil gonaki ta nuna."

Na nuna mata rufin kwanonmu, gida arba'in da wani abu, da islamiyya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce za ta rubuta, amma sai an yi sabon awo kafin a sauya. Ashe a takarda mu dawa ne da masara! Awon bai zo ba, bishiyar ma ba a sare ba, wai inuwarta baƙi ke so.

Shekarar nan Babbar Sallah cikin Agusta ta faɗo. Aka yi kwana uku ana ruwa. Lakar kwalba ta kai gaɓar yatsa. Hamma ya sake zuwa wurin Mansir, ya ce a rage ruwan.

"Sallah saura kwana biyar ka ce in zubar da ruwa? A kan me mutane za su hau kwalekwale, a kan kanka?"

Bayan azahar Hamma ya bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kwance awakin da ke bakin rafi. Ya koma ya kama ƙaton sitiyarin ƙarfen da ke buɗe bututun ƙasa, ya murɗa. Mansir ya riga ya tafi Jos, sai da ya dawo ya tarar da kwalekwalensa zaune cikin taɓo.

Ranar Sallah aka kori Hamma, gaban jama'a.

Dam bai fashe ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don waɗanda ya tsare su ne ke masa ba'a. "Hamma, ina ambaliyar taka?"

An ɗauki sabon mai gadi, mai takalmin roba har gwiwa. An hana Hamma shiga. Amma ruwan gindin dalbejiyar ta ƙarƙashin wayar shinge yake bi ya fito bayan gidana, nan yake tsugunawa da kwalbarsa duk safiya. Takardar masu duba dam tana nan manne a ofishin Mansir, cikin gilashi, ƙaramin haɗari.

Yau ya miƙo mini kwalbar. Na ɗora yatsuna a jikinta. Biyu ba su rufe lakar ba.