Baƙar Laka a Kogon Jemagu

Shekara biyu bayan an mai da Dutse babban birnin jiha, kowa na rububin fili a bakin titi, ni kuwa na sayi gona a gindin dutse na dasa 'ya'yan dabino arba'in. Ranin farko suka fara rawaya. Da jaki nake kai musu ruwa, har ta kai in ya hango ni sai ya kwanta ya yi kamar ya mutu.

Na je wajen wani dattijo mai haƙar rijiya. Ko tashi bai yi daga tabarmarsa ba.

"Kai ɗan nan, wurin nan ko ƙadangare da guzurin ruwansa yake zuwa. Ba zan karya digata a banza ba."

"Baba, ko zurfin gaba uku a gwada."

"Je ka dasa ƙaya."

Sama da gonar akwai kogon da muke kwasar kashin jemage don taki. Kowa yakan kankari na sama ya tafi. Ni da haɗama na ce sai na ga ƙarshensa. Na yi ta haƙa har ramin ya shanye ni zuwa ƙirji. Kashin ya ƙare, sai toka da fasassun tukwane, sai jan yashi, sai baƙar laka mai danƙo cike da katantanwa. Katantanwa a cikin dutse!

Na cika hulata da lakar na koma wa dattijon. Ya san ni da ƙarin gishiri a zance.

"A wane tafkin ka sato wannan?"

Sai da na rantse sau uku kafin ya bi ni, yana mita har bakin kogo. Ya shiga ramin. Ya ɗora yatsa a jikin bangon yana saukowa a hankali.

"Wannan jemagu ne. Tokar nan, mutane sun yi girki a nan tun kafin kakan kakanka. Jan yashin kuwa shekarun fari ne, iska ta shigo da shi. Dubi kaurinsa, an sha wuya." Ya lakato lakar ya ɗanɗana. "Nan ruwa ya kwanta, ba damina goma ba, ba ɗari ba. Irin wannan laka in ta kama ruwa ba ta sakinsa."

Ya fito ya bi gangaren da ido har cikin gonata, ya sauka ya ja da'ira da ƙafa.

"Gobe ka zo da fura, mai kauri."

Kwana tara shi da yaransa suna haƙa. A gaba takwas baƙar lakar ta bayyana, washegari ruwa ya ɓulɓulo. Ihun da na yi, na tabbata a kasuwar Kiyawa sai da aka waiwaya.

A ranar kowane dabino ya sha guga guda. Wanda ya fi kowa jigata na ba shi biyu, kuma kafin sati uku ya fitar da sabon ganye kore shar.