Na ga hannun, na ja zane na rufe fuska

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Jiya wata ta turo mini hoton jaririnta, hannu ɗaya a sake, tana tambaya wai ta bari sai an yi suna? Shi ya sa yau zan faɗi abin da ya fi shekara ashirin a cikina.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na haifi ɗana na fari. Ni da Hajara, 'yar ƙanwar babata, rana ɗaya aka ɗaura mana aure, ciki ma kusan tare. Ta koma gidansu a Madabo goyon ciki, ni na koma namu a Gwammaja. Rana ɗaya aka kai mu asibiti, gadona kusa da nata.

Ita kafin azahar ta sauka lafiya, ko ɗinki ba a yi mata ba. Ni kuwa kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Ungozomar ta ce ba sai an kira likita ba. Ita da wata nas, ɗaya ta danne mini ciki, ɗaya ta ja. Jan nan har yau ina jin sa.

Da aka kwantar da shi kusa da ni na saci kallo. Hannun hagu yana ta wutsil-wutsil, na dama a miƙe, tafin ya juya baya. Na gani sarai. Amma surukata na tsaye, Gwaggo na tsaye, ga shi ɗan fari. A gidanmu mace ba ta kallon ɗan fari a gaban manya, ba ta faɗin sunansa, balle ta ce a duba mata hannunsa. Na ja zane na rufe fuska. Aka sallame mu ba a rubuta komai a kati ba.

Gwaggo ce ke masa wanka. Ta ce kwanciyar ciki ce, zai sake. Bayan suna aka ce targaɗe ne, aka kai shi wajen mai ɗori, ya ja, ya ɗaure. Sai da ya yi wata huɗu muka ga likita. Ya ce, "Jijiyoyin kafaɗa ne suka ji rauni wajen haihuwa. Ina kuke tun tuni?"

Aka sa mu gashin ƙashi sau biyu a sati. Layi tun da safe, yaro na tsala ihu ana lanƙwasa hannu. Kuɗin mota da na gashi suka cinye 'yan kunnen lefena.

To ga inda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi wa Hajara hassada, hassada mai cin rai. Sadiƙ ɗinta ya yi rarrafe, nawa yana jan ciki da hannu ɗaya. Sadiƙ yana tafi ana dariya, ni kamar in fasa ihu. In ce a raina, asibiti ɗaya, rana ɗaya, da me ta fi ni? Na daina taka Madabo. In ta zo in ce a ce barci nake. Ta aiko da dambu, na ba maƙwabta.

Na rame, abinci ya fita raina, kai kullum ciwo. Aka auna aka ce jinina ya hau. Likitar ta ce, "Maman yaro, ke ma mara lafiya ce."

Maigidana Malam Habu, malamin makaranta ne, ya ce yanzu mulkin farar hula ne, talaka ma yana iya kai ƙara. Dangi suka yi mana caa: "Ƙaddara za ku kai kotu?" Ya ce shi bai ja da ƙaddara ba, sakaci zai kai.

Lauya ya juya katin ya ce, "Ba komai a nan. Za su ce mai ɗori ne ya ɓata hannun. Wa ya gan shi a sake tun ranar haihuwa?"

Na ce ni.

"Kin faɗa wa wani?"

Na sunkuyar da kai.

Kwana uku sai ga Hajara har ɗakina, ba ta tsaya jin ko barci nake ba. Ta ce, "Inna ta ba ni labari. Ni na gani. Na ma yi wa nas ɗin magana a ranar, ta ce in ji da nawa. Sau nawa na zo in gaya miki kika ɓuya?"

Wallahi ko a lokacin sai da na ji ƙyashi. Ita ma ɗan fari ta haifa, amma bakinta ya buɗu a kan ɗan wata, ni nawa ya kasa a kan nawa.

Ta je gaban kwamitin likitoci da Sadiƙ a bayanta, ta faɗi lambar gadon, ta kwatanta nas ɗin. An ja mu sosai, ana ta ɗage zama. Daga ƙarshe aka yi sulhu, asibitin ya ɗauki nauyin aikin tiyata da gashi. Hannun bai dawo daidai ba, ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, amma yana riƙe biro.

Ranar da ya fara kai loma baki da hannun dama, a gidan Hajara ne, shi da Sadiƙ a kwano ɗaya. Ita ta fara gani. Wannan kam har gobe yana ɗan sosa mini rai, ita ma ta sani, dariya take mini.

Alhamdu lillahi, na warke, na daina shan maganin hawan jinin. Hajara, Allah Ya biya ki, ki ƙara yafe mini.

Ke mai jego, in kin ga hannu ba ya motsi, ki faɗa kafin a sallame ki, ki sa a rubuta a kati, ki adana katin. Kada a fara kai shi wajen mai ɗori. Kada ki jira suna. In ma surukarki na tsaye, ki faɗa.

Ni kunyar nan na gama biyan ta. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sa da shi ba, sai dai in ce "yaron nan".

Sunansa Mahmud. Ɗana ne.