Abin da Mashudatu Ke Zubawa a Gindin Kaɗe

Sirrin Mashudatu mai waache da duk unguwarmu ta Choggu ke son ji yana bakina, kuma zan faɗa. Amma ba yanzu ba. Na san ku, in na zubo shi tun farko rabinku za su tashi kai labari ba su ji ƙarshe ba. Ku fara sanin matar tukuna.

Mashudatu in ta daka tsawa a Choggu, awakin unguwar Gumbihini sai sun daina kiwo sun ɗago kai. Shekara ashirin tana sayar da waache, shinkafa da wake, a bakin titi, kuma ba a yi direban keken yalo-yalon da ya ce yajinta ya yi kaɗan ya tafi da kunnensa lafiya ba. Mijinta ya rasu, 'yarta na aure a Kumasi. Daga ita sai tukunyarta sai uwarta, Mma Abibatu.

Ita Mma da man kaɗe ta tsufa. Tun Choggu na daji, kafin masu bulo su cinye itatuwa, take fita da sassafe ta tsinto kaɗanya, ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta niƙa, ta yi ta bugu har mai ya taso. Da man nan ta kai ɗanta Sumaila makaranta, ga shi yau da ofis da mota da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Mashudatu ba a kai ta ba. Ita aka bar wa hura wuta da ɗaukar kwano a bayan uwa.

Shekara uku ke nan da Mma ta fara mantuwa. Da fari gishiri sau biyu a miya. Sai takalmi a cikin randa. Wata rana ta dubi Mashudatu ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, ba ya warkewa, sai dai kulawa. Mashudatu ta dawo da tukunyarta ƙofar gida. Ita ce wanka, ita ce wankin zanen fitsari, ita ce shan yaƙushi kullum la'asar in Mma ta tashi tana kuka a kai ta gida, alhali tana tsakar gidanta.

Unguwa ba ta karɓi maganar likita ba, tana da nata likitocin. Gari na wayewa Mma sai ta sulale ta shiga gidajen mutane, ta duƙa tana tsintar tsakuwa tana ƙullewa a bakin zane. Ranar da aka gan ta a bayan ɗakin wata mai jego da jaririnta ke zazzaɓi, kafin azahar an yanke hukunci: mayya ce, sawun mutane take ɗiba. Matan da ta shafa wa 'ya'yansu mai da hannunta su suka fara janye jikoki in ta gifta. Wani ƙato ya jefe ta da dutse, goshi ya fashe. Mashudatu ta fito da muciya ta zagi layin nan gida-gida, da sunan kowa da na kakarsa, har aka kira la'asar.

Sumaila, wanda Mma ta shekara biyu ba ta gane shi ba, shi kuma ya ji daɗin samun dalilin daina zuwa, sai ga shi da sabon kwaɗo a hannu.

"A kulle ta a ɗaki," in ji shi. "In ba za ki iya ba, akwai ƙauyen da ake kai irinsu. Sunana ke ɓaci a gari."

"Irin su wa, Yaya?"

"Kin gane abin da nake nufi."

"Ban gane ba, ban yi makaranta ba. Faɗa min da bakinka."

Bai faɗa ba. Ya ce ya ba ta mako guda, ya shige mota.

Ranar Mashudatu tana wanke zanen Mma da haushi kamar za ta yaga shi, sai ƙullin ya kwance. Ta tsaya tana kallon tsakuwar. Duk girmansu ɗaya, duk masu santsi, duk ruwan ƙasa, kamar ƙwallon kaɗanya. Ta lissafo gidajen da Mma ke shiga. Gidan mai jegon nan, ai nan babban kaɗe yake da, wanda suke hutawa a gindinsa tana yarinya. Gidan tela ma haka, bayan masallaci ma haka. Tsohuwa aikinta take fita, itatuwan ne aka sare aka dasa ɗakuna.

Kaɗe guda ya rage a duk yankin, a filin Madam Dora, wata malamar makaranta 'yar kudu da ta ja katanga rabi ta tsaya. Dora ta ce su shiga duk lokacin da suke so. To, daga nan aka fara ganin Mashudatu kullum bayan sallar asuba tana nufar filin da kwano a rufe, ta fito, sannan ta koma da uwarta. Unguwa ta ce shi ke nan, 'yar ma ta gada, asiri take binnewa. Magana ta kai ofishin Sumaila. Ran Asabar ya zo da kwaɗonsa ya bi su filin, ni kuma Allah ya sa hanyata ta bi ta bayan katangar.

Ga sirrin. Ba lokacin kaɗanya ba ne, itacen ko ɗa guda babu. Mashudatu kwano guda na kaɗanya ta sayo a kasuwa. Kullum sai ta riga uwarta zuwa ta watsa shi cikin ciyawa, Mma ta zo ta tsince tas, gobe a sake watsa shi. Kwano ɗaya tal, ya fi duk kaɗanyar Ghana yawo.

Kuma ku ga Mma a gindin itacen nan. Matar da ba ta iya kai cokali baki, ga yatsunta na bin ciyawa kamar na budurwa, tana 'yar waƙarta, tana jefar da mai tsutsa. In ta gama ta jingina da itacen ta huta, ta koma gida ta sha koko, ta yi barci. Kwana biyar ba ta shiga gidan kowa ba.

Sumaila ya tako da takalminsa mai ƙyalli. "Wannan wane irin shirme ne? Da girmanki kina yaudarar tsohuwa?"

"Ni da ke yaudararta na san abin da ta ci jiya. Kai mai gaskiya, me ta ci?"

Ya buɗe baki ke nan sai Mma, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta doke masa ƙwauri. "Sumaila, ɗaga ƙafarka. Kana taka min kuɗin makarantarka."

Mutumin nan ya ɗaga ƙafa ya tsaya a kan ɗaya kamar zakara a ruwan sama, ya kasa saukewa.

"Duƙa ka tsinta," in ji Mashudatu. "Ba ni kwaɗon, ƙofar awakina na buƙata."

Ya miƙa mata. Ya duƙa, tumbi na tokare shi, yana tsinta yana shan hanci. Ba a jima ba Mma ta dube shi ta tambayi Mashudatu wane ne wannan mai ƙibar da ba ya sauri. Ya ci gaba da tsinta.

A nan cinnaka ya same ni a inda ba a faɗa, na motsa, bulo ya faɗo.

"Maltiti," in ji Mashudatu, ba ta ko juyo ba, "tun Talata nake ganin ɗankwalinki a kan katangar nan. Fito."

Na fito ina cewa akuyata nake nema.

"Ba ki da akuya. Bakin da ya kai maita gida-gida shi zai kai wannan, kuma ki fara da gidan mai jego. Gobe da asuba ki zo ki karɓi kwano, ke za ki watsa."