Motar da Nake Ɗumamawa da Asuba

Maigidana ya rasu ya bar mana ɗaki biyu a unguwar Nima da mota guda. Motar tsohuwa ce mai shan dizal, doguwa, mai faɗin baya. A da fara ce, amma rana da ruwan sama sun mai da ita kalar koko. Da ita ya ciyar da mu shekara da shekaru, yana kai wa matan kasuwa kaya daga Nima zuwa kasuwar unguwar Madina, albasa da doya da buhunan gero. Lungunmu mota ba ta shiga, don haka a bakin titi take kwana, gaban shagon wani tela.

Kullum idan ya fito daga masallaci da asuba, wajen motar yake fara zuwa kafin ya shigo gida. Ya murɗa makulli rabi, ya jira wata 'yar fitila ta mutu, sannan ya tayar, ya taka totur sau biyu ko uku, ya bar ta tana gurnani. Yakan ce injin dizal sai ya ji ɗumi kafin a ɗora masa aiki. Ina tsakar gida ina dama koko nake jiyo ƙarar, kuma da ita nake sanin ya dawo lafiya. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ya koya mini. Ban iya tuƙi ba, har yau ban iya ba, amma na iya murɗa makulli in jira fitilar ta mutu.

Bayan rasuwarsa, babban ɗanmu ya karɓi tuƙin. Ɗan fari ne, shi ya sa ba na kiran sunansa, ba na kuma doguwar hira da shi, haka aka tashe mu. Yana zaune a unguwar Maamobi da matarsa da 'yarsu ƙarama, a gidan haya da babu wurin ajiye mota. Sai motar ta ci gaba da kwana a wurinta. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a ƙarƙashin matashina.

Da na gama takaba, na koma ɗumama motar kamar yadda aka koya mini. Da farko minti kaɗan nake yi. Wata rana na zauna a ciki da carbina, ina jin ƙamshin turarensa da ya kama kujera, da ƙarar nan a ƙarƙashin ƙafafuna, sai na kasa tashi. Daga ranar na riƙa zama tun bayan sallah har gari ya waye tangaran, masu kosai su hura wuta, yara su fara wucewa makaranta. Lokaci-lokaci in miƙa ƙafa in taka totur yadda yake yi. Ranar Juma'a da ɗana ba ya fita aiki, ina ƙara mata da yamma, wai don kada batir ya kwanta. Shi kuwa sai wajen bakwai da rabi yake zuwa, ya tarar na kashe na koma gida.

“Mma, kin ɗumama?”

“Na ɗumama.”

“Allah ya saka da alheri.”

Abin da yake tsammani shi ne minti biyar. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa ganin akwai abin faɗa ba.

Cikin watannin nan ya fara kuka da motar. Ya ce tana shan mai fiye da ƙima, yau ya zuba, gobe allurar mai ta sauka. Ya ce zai sauke ƙarafan da ke cikin but, domin babansa mutum ne da ba ya zubar da komai: tsohon sifirin, guntun giyar mota, jak biyu, sarƙa, jarkokin ruwa. Ya ce zai kwance kariyar ɗora kaya da ke bisa rufi, tunda yanzu ba ya ɗora kaya a sama. Na hana. Na ce babanka ya yi shekara ashirin yana yawo da su, bai taɓa cewa sun yi masa nauyi ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce to.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa a bakin lungu, mun yi shekaru muna zaman lafiya. Wata rana ina taya ta tsince wake, na ambata mata zancen man.

“Yaya, ke kam kin cika sanyi,” in ji ta. “Direbobin yanzu? Tiyo suke sawa su zuƙe, su sayar a tashar Circle, su dawo su ce mota ce ta sha. Motar da marigayi ya tuƙa ba ƙorafi, yau ita ce ta zama mashayiya?”

Na ce ɗana ba haka yake ba. Ta ce ai ba ta ce shi ba ne, magana kawai ta yi. Amma maganar ta biyo ni gida. Kwana biyu bayan haka ina share cikin motar, na ɗaga tabarmar but, sai ga tiyo a naɗe, yana warin dizal. Na tsaya da shi a hannu. Da na yi haƙuri na tuna, da na gane tiyon babansa ne, wanda yake taimakon abokan aikinsa da shi idan mai ya yanke musu a hanya. Na sha wanke shi da hannuna. Ranar nan ban tuna ba, ko kuma ban so in tuna ba, Allah ne ya sani.

Da yamma ya zo ajiye mota, matarsa na tare da shi, ta kawo mini jikata in gani. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ban ɗaga ba. Na ajiye tiyon a gabansa na ce a hankali, “Idan wata buƙata ce ta sa kake sayar da man, ka faɗa mini. Motar nan har da ƙannenka mata a cikinta.”

Matarsa ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar hula, hular da ba abin da ya same ta. Shi ya daɗe yana kallon tiyon.

“Mma, ni?”



Ya sa hannu a aljihu, ya zaro makulli, ya ajiye a kan tabarmar kusa da tiyon. Ya ce, “Allah ya huci zuciyarki.” Ya ɗauki 'yarsa suka fita. Ko ƙofa bai buga ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako guda na ji ya sami aikin tuƙin trotro, wato bas ta haya, ta wani mutum, daga Madina zuwa Circle. Gaisuwa bai fasa ba, ranar Juma'a yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Ruwan da na ba shi ma sai ya kurɓa kawai. Idan zai fita, ta ɗaya gefen titin yake bi, don kada ya wuce ta gaban motar.

Ni kuma na ci gaba da ɗumama ta, har na ƙara, domin yanzu babu mai zuwa ƙarfe bakwai da rabi. Ranar da ya ajiye ta, allura tana kusa da rabi. Motar ba ta motsa ko taku ɗaya ba, amma na lura allurar tana sauka. Na ce ashe ɓarayi ne, na duba murfin tanki, a kulle yake, makulli biyu duk suna hannuna. Na leƙa ƙarƙashi ko tana yoyo, ƙasa a bushe. Wata asuba, cikin mako na uku, ina zaune a ciki ina jan carbi, injin ya yi tari sau biyu, ya girgiza, ya mutu. Na murɗa, na sake murɗawa, ya ƙi.

Na aika a kira mini bakaniken da yake yi wa maigidana gyara, wani dattijo da garejinsa ke New Town, kowa Masta yake ce masa. Ya zo da hantsi, ya buɗe gaban motar, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ƙwanƙwasa tanki.

“Matar yayana, ai ba ɗigo a ciki. Har iska ta shiga bututun mai. Wa ya fita da ita?”

“Babu wanda ya fita da ita. Ɗumamawa kawai nake yi.”

“Ɗumamawa? Na minti nawa?”

Na faɗa masa. Daga sallar asuba zuwa wayewar gari, wani lokaci da yamma ma.

Ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar. “Tun yaushe?”

“Tun da na fita takaba.”

“La'ilaha illallahu! Ke nan kullum kina zuwa Madina a zaune!” Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya daina.

Sai ya zauna a bakin kwata ya yi mini bayani a tsanake, yadda malamarmu ta makarantar manya take yi idan ɗaya daga cikinmu ta kasa gane baƙi. Ya ce inji in dai yana kunne, yana ci, ko motar tana tafiya ko tana tsaye. Ya ce a garin da muke kwana da fanka, minti ɗaya ko biyu ya ishe ta, sauran ɗumin a hanya take samu idan an tafi a hankali. Ya ce barin dizal yana gurnani a tsaye na tsawon lokaci yana tara masa baƙin hayaƙi a ciki, ya toshe nozul, sai ya ƙara shan mai ko da an hau titi. Ya sa yatsa a bakin salansa ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

“Amma marigayi haka yake yi,” na ce.

“Marigayi kafin ya sha kokonsa ya kashe, ko ya tafi. Kuma na sha yi masa faɗa a kan haka, taurin kai ne da shi, Allah ya jiƙansa.”

Ya buɗe but ya ga ƙarafan, ya riƙe baki. Ya ce wannan kamar mutum biyu ne zaune a baya da ba sa sauka. Ya dubi kariyar ya ce iska take tarewa a banza. Ya danna taya da babban yatsa ya ce duk sun yi laushi, mota mai taya ba iska jan ƙafa take yi. Ya zaro matacin iska, ya buga shi a ƙasa, ƙura ta tashi. Sannan ya ɗauki tiyon da na mayar cikin but, ya juya shi.

“Kai, wannan yana nan? Ni na yanka masa shi.”

Ban gaya masa abin da na yi da tiyon ba. Ina jin ya riga ya ji, Nima ba ta ɓoye magana. Abin da ya ce kawai shi ne, “Yaron nan ya zo wurina sau biyu yana neman inda man yake tafiya. Har nozul ya ce in duba masa. Na ce ya kawo ta ta kwana, bai samu kawowa ba.”

Kwana uku Masta ya yi a kanta. Ya fitar da iskar, ya wanke nozul, ya sake mataci da baƙin mai, aka kai tayoyin wurin mai faci aka cika su. Ƙarafan da hannuna na taya shi saukewa, na ajiye jak guda da sarƙar a ƙarƙashin gado, sauran na ce ya tafi da su. Maƙwabciyata tana kallo daga wurin tukunyarta, ta ce, “Yaya, sayarwa za a yi?” Na ce a'a. Ban ga laifinta ba, ita magana ta yi, ni ce uwar.

Abin da ya rage shi ne mai wuya. A wurinmu uwa ba ta zaunar da ɗan fari ta ce ka yafe mini, bakin ba ya buɗuwa. Na yi tunanin in aika ƙanwarsa, na ga ba ita ta ajiye masa tiyo a gaban matarsa ba. Sai na fara zuwa Maamobi da hantsi, na sami matar tana wanki. Na zauna na gaya mata komai, tun daga asubar farko. Ta ce, “Mma, ba komai,” tana ta murza rigar da ta riga ta fita. Na ce akwai komai, a gabanki na faɗa, shi ya sa na fara da ke.

Daga nan na shiga mota zuwa Madina. Na yi ta bin layin trotro har na hango shi a zaune a gaba, ya jingina kai da kujera, yana jiran motar ta cika. Ya rame. Injinsa a kashe yake, na lura da wannan. Da ya gan ni ya diro da sauri.

“Mma, lafiya? Wa ya rasu?”

“Babu wanda ya rasu.”

Na kwance bakin gyalena na zaro makullan, duka biyun, na sa masa a tafin hannu. Mutane suna ta wucewa da kaya a ka, ana kiran Circle, Circle. Na kalli ƙasa na ce, “Ni ce nake shanye man. Masta zai yi maka bayani. Abin da na faɗa maka, ban faɗi daidai ba.”

Ya dubi makullan. Ya ware ɗaya zai mayar mini, na janye hannuna.

“Riƙe duka.”

“To wa zai ɗumama ta?”

“Minti biyu ne. Kai ma za ka iya.”

Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba, ya sa su a aljihu. Ya buɗe mini ƙofar gaba ya ce in zauna, zai sauke ni a hanya. Da muka kai inda zan sauka, ya tsaya na sauka.

Sai da ya cika wa mai trotro watansa sannan ya dawo ga motar. Yanzu yana cewa ta rage sha sosai. Ya koma cin abinci a gidana, yana kawo mini jikata ta yini. Zancen tiyon bai taɓa tayarwa ba. Amma tun daga lokacin, duk ranar da ya zuba mai, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mini, “Mma, na zuba yau, a gidan mai na kan hanyar Madina,” alhali ban tambaye shi ba. Na ce masa ya daina, ya ce to, bai daina ba.

Da asuba kuwa, idan na idar da sallah, ina zama a kan dardumata da carbi har gari ya waye. Wajen bakwai da rabi nakan jiyo ta daga bakin titi, ta yi gurnani kaɗan, ta tafi.